Wayar ofis a kan rautar gida: me ya sa kira ke fita amma ba ya shigowa?

"Assalamu alaikum. Ina aiki daga gida a Kaduna, ina amsa kiran kwastomomin wani kamfani. Sun ba ni wayar tebur irin wadda ake jona wa intanet. Unguwarmu babu fayiba, don haka rautar 4G mai sim nake amfani da ita. Idan na kira, kiran yana fita. Amma sau da yawa kwastoma zai kira a ce masa layin ba ya samuwa, alhali wayar tana gabana a kunne. Wani lokacin ina jin mutum shi ba ya ji na, ko kiran ya yanke bayan kamar rabin minti. Da daddare kuma murya sai ta riƙa kakkatsewa. Abin mamaki, kiran WhatsApp lafiya lau yake yi a kan wannan rautar. Na ƙara sayen data mai yawa, babu canji. Shin in sayi rautar 5G ne, ko Starlink?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan wayoyi a ofisoshi da gidaje, kuma duk abin da kika lissafa na sha ganinsa. Ƙorafi huɗu kika kawo, amma cutar biyu ce. Kiran da ba ya shigowa, da jin murya ta ɓangare ɗaya, da yankewa bayan rabin minti, tushensu ɗaya: wayarki tana ɓoye a bayan rauta, sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke turo miki kira, ba ta gane hanyar da za ta bi ta same ta. Kakkatsewar murya da daddare kuwa cunkoso ne da rashin daidaiton sabis. Yawan data ba ya maganin ko ɗaya daga ciki. Sabuwar rauta tana iya rage cuta ta biyu, amma ta farkon za ta biyo ki har cikin 5G da Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, muddin ba a taɓa saitin wayar ba.

Abin da kira yake ci

Mutane suna ɗauka kiran intanet sai da sabis mai gudun gaske. Wayar nan yanka muryarki take yi gutsure-gutsure, kowane gutsure na milisakan 20, ta tura guda 50 a daƙiƙa. Da tsarin ɗaukar murya da aka fi amfani da shi, G.711, kira ɗaya bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba ta kowane ɓangare. Idan aka haɗa zuwa da dawowa kusan megabait 1.2 ne a minti, wato ki yi awa guda kina magana ba ki ci megabait 80 ba. Shi ya sa ƙarin datar da kika saya bai canza komai ba.

Abin da kira ke so shi ne gutsattsarin nan su iso a kan lokaci, kuma a jere. Bidiyo yana tara daƙiƙoƙi da yawa a ajiye kafin ya nuna miki, don haka ko sabis ya ɗan tsaya ba za ki lura ba. Murya ba ta da wannan sararin. Gutsuren da ya makara an yar da shi ke nan, sai ki ji kalma ta ɓalle a tsakiya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba G.114, ta sa milisakan 150 a matsayin jinkirin da hira ke tafiya daidai a ƙasa da shi, daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro. Idan ya haura 400, mutane biyu za su riƙa faɗa wa juna cikin magana. A wajen aiki muna kuma son tsalle-tsallen jinkirin kada ya wuce milisakan 30, gutsattsarin da ke ɓacewa kuma kada su kai 1 cikin 100.

Ƙofar da ke rufewa a bayanki

Kowane kira hanya biyu yake bi. Akwai saƙonnin shirya kira, wato "ga kira nan", "an ɗauka", "an ajiye", waɗanda ke tafiya da tsarin SIP, yawanci ta ƙofa mai lamba 5060. Sannan akwai muryar kanta, wadda ke bin wasu ƙofofi daban da tsarin RTP. Ƙa'idar SIP da ake aiki da ita yau an fitar da ita ne a 2002, kuma an tsara ta da tunanin kowace waya tana da adireshinta da duniya ke gani. Taki ba ta da shi. Rautar ta ba ta adireshi na cikin gida, irin 192.168.8.100, wanda ba shi da wata ma'ana da zarar an fita daga gidanki.

Ki ɗauki rautar a matsayin maigadi mai doka ɗaya: ba ya barin baƙo ya shigo sai wanda ya kawo amsar saƙon da wani ɗan gida ya aika ba da jimawa ba. Duk wanda ya aika saƙo sai ya rubuta sunansa a littafi, bayan ɗan lokaci kuma ya goge. Wannan aikin nasa shi ake kira NAT. Idan ke kika kira, ke kika fara aikawa, don haka amsa tana samun shiga. Kiran kwastoma kuwa daga waje yake farawa. Dabarar wayar ita ce ta riƙa yin rajista da sabar kamfani lokaci-lokaci, ta ce "ga ni nan", don sunanta ya zauna a littafin. To, yawancin wayoyin nan daga masana'anta an saita su su yi rajista sau ɗaya a daƙiƙa 3600, awa guda ke nan, alhali maigadin yana gogewa ne cikin rabin minti zuwa 'yan mintuna. Fuskar wayar tana nuna miki an yi rajista, komai kore shar, amma ƙofar ta daɗe da rufewa.

Za ki iya tabbatar da wannan yau ba tare da kin kira kowa ba. Kashe wayar tebur ɗin ki kunna, da zarar ta gama tashi ki kira lambarta da wayar hannunki. Za ta yi ƙara. Ki bar ta minti goma ba ki taɓa ba, ki sake kira. Idan a karo na biyun ba ta yi ƙara ba, mun kama cutar.

A sabis ɗin sim maigadin ma ba ɗaya ba ne. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, guda biliyan 4.3 ne kacal, kuma sun yi wa duniya kaɗan tuntuni. Sai kamfanonin waya suka koma haɗa kwastomomi da yawa a kan adireshi ɗaya, suka ajiye nasu maigadin a can wurinsu. Ana kiran wannan CGNAT, har an ware masa jerin adireshi na musamman a 2012, daga 100.64 zuwa 100.127. Shiga shafin saitin rautarki ta hanyar rubuta adireshinsa a burauza, wanda a na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, a na ZTE kuma 192.168.0.1, ki duba adireshin da aka rubuta a gaban WAN IP. Idan ya fara da 10, ko da ɗaya daga cikin waɗancan lambobi, kina bayan CGNAT. Kusan duk layin sim na gida haka yake.

Na tsaya a kan wannan ne saboda shawarar da za ki fi cin karo da ita ita ce ki buɗe ƙofa 5060 a rauta, ko ki saka wayar a DMZ, saitin da ke buɗe mata duk ƙofofin rautar. A bayan CGNAT wannan aikin banza ne, domin ƙofar gidanki kika buɗe, ta kamfanin kuwa ba a hannunki take ba. A inda kuma ake da adireshin fili, shawarar tana da haɗari: akwai na'urorin da dare da rana suke lalube a ƙofa 5060. Na ga gidan da waya ke ta ƙara da tsakar dare daga lamba "100" ko "1000", a ɗauka babu kowa. Masu neman layin da za su sata su yi kiran ƙasashen waje da shi ne.

Sauran alamomin biyu daga nan suka fito. Wayar tana rubuta adireshinta na cikin gida a cikin saƙon SIP, ta ce a turo murya can. Idan sabar ta ɗauki maganar yadda take, sai ta tura murya inda babu hanya, ɓangare ɗaya ya ji, ɗayan shiru. Yankewar "kamar rabin minti" kuwa, idan kin duba agogon wayar, za ki tarar daƙiƙa 32 ne ko kusa da haka. Bayan an ɗauki kira akwai saƙon tabbatarwa da ɗaya ɓangaren zai maido. Idan bai iso ba, ƙa'idar ta ce a yi ta jira har daƙiƙa 32 sannan a katse. Duk lokacin da na ji an ce kira yana yankewa a daidai wannan lokacin, ba na ko tambayar ƙarfin sabis. WhatsApp bai faɗa wannan ramin ba saboda tun asali don wayoyin hannu da ke bayan irin waɗannan masu gadi aka gina shi: yana riƙe da hanya a buɗe zuwa sabarsa, idan kuma wayoyi biyu sun kasa haɗuwa kai tsaye sai ya bi da muryar ta sabarsa.

Gyaran saiti

Ki fara da rautar. A ƙarƙashin sashen Security za ki ga wani abu mai suna SIP ALG. An saka shi ne don ya gyara adireshin da ke cikin saƙonnin SIP, amma a ƙananan rautoci ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa, musamman da yake shi kansa bai san adireshin fili na gaskiya ba tunda akwai CGNAT a gabansa. Kashe shi, ki kashe rautar ki kunna, sannan wayar. Wannan kaɗai yana warkar da shiru ta ɓangare ɗaya a gidaje da dama.

Sai wayar. Tana da nata shafin, adireshinta yana fitowa a fuskarta idan kin danna OK ko Status. Abu biyu ake nema. Na farko tsawon rajista: a Yealink sunansa Server Expires, a Grandstream kuma Register Expiration. Sauko da shi zuwa daƙiƙa 120 ko 60, amma ki lura, Grandstream da minti yake ƙirga nasa. Na biyu shi ne Keep Alive, ɗan ƙaramin saƙon da wayar ke turawa don kada a goge sunanta. Kunna shi ki sa daƙiƙa 15 zuwa 20. Datar da yake ci ba abin a zo a gani ba ce.

Idan kamfaninku sun yarda, abin da na fi so shi ne a canza hanyar tura saƙon a saitin wayar daga wadda ake kira UDP zuwa wadda ake kira TCP, ko ma TLS ta ƙofa 5061. Masu gadin nan suna riƙe hanyar TCP a buɗe lokaci mai tsawo fiye da ta UDP. TLS kuma yana rufe saƙon ruf, don haka babu wani ALG a hanya da zai iya karanta shi balle ya ɓata. Akwai wani saiti mai suna STUN da ake yawan ba da shawararsa. A bayan CGNAT sau da yawa ba ya aiki, wani lokacin ma ƙara rikita lamarin yake yi, don haka ki bar shi a kashe sai in masu sabar sun ce a kunna.

Ki duba kuma ko akwai rauta ta biyu a gidan, irin wadda ake ƙarawa don Wi-Fi ya kai ɗakunan baya. Idan wayar a jikinta take, maigadi uku ke nan. Ki jona ta da kebul kai tsaye a rautar da sim ke ciki. Wani abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramin ramin waya da ke bayan wasu rautoci kamar Huawei B315. Wannan na tsohuwar wayar tarho ce, kuma yawanci layin sim ɗin da ke cikin rautar yake bi. Taki wayar babban ramin LAN take so.

Abu ɗaya zai iya hana ki yin wannan da kanki. Kamfanoni da yawa suna tura wa wayoyinsu saiti daga nesa, ko su kulle shafin da kalmar sirri. Ki canza yau, gobe ta koma yadda take. Idan haka ne, ki rubuta wa mai kula da wayoyinku waɗannan abubuwa dalla-dalla: kina bayan CGNAT, kira mai shigowa yana mutuwa bayan 'yan mintuna da kunna waya, kira yana yankewa a daƙiƙa 32. Duk wanda ya san aikin zai gane nan take. Idan duk an gwada bai yi ba, mafita ta ƙarshe a hannunsu take, wato su haɗa ki da ofis ta VPN kamar WireGuard ko OpenVPN, ko, in manhajar wayoyin ofis mai suna 3CX suke amfani da ita, su ba ki abin da ake kira SBC. Dukkansu rami ɗaya suke haƙawa daga gidanki zuwa sabar, kira da murya su bi ta ciki.

Muryar da ke kakkatsewa da daddare

A nan wuri uku ake dubawa: cikin gida, tsakanin rauta da ƙarfen sabis, da ƙarfen kansa.

Cikin gida shi ne mai sauƙi. Idan wayar a Wi-Fi take, mayar da ita kebul. Zangon 2.4 GHz a unguwa mai cunkoso cike yake da rautocin maƙwabta. In ba yadda za a ja kebul, ki sa ta a zangon 5 GHz, kusa da rautar. Babban mai laifin kuwa ba mai kallon bidiyo ba ne kamar yadda ake zato. Mai turawa ne: wayar da ke ɗora hotuna a Google Photos, ko yarinyar da ke ɗora bidiyo a sitatus. Hanyar turawa a 4G ta fi ta saukewa ƙunci, rautar kuma tana jera komai a dogon layi, muryarki ta tsaya a bayan bidiyon wani. Buɗe fast.com a kwamfuta, bayan ya gama ki danna Show more info. Zai nuna jinkiri iri biyu, na lokacin da hanya ba kowa da na lokacin da aka cika ta. Idan na farko milisakan 50 ne na biyu kuma ya haura 500, kin ga abin da ke faruwa da muryarki da zarar yara sun dawo daga Islamiyya. Maganinsa na dindindin shi ne rauta mai tsarin SQM, wanda ke hana dogon layin nan taruwa, kamar mai ɗauke da manhajar OpenWrt, ko MikroTik mai CAKE, a ƙayyade mata gudu kaɗan ƙasa da abin da kike samu da daddare, ba na safiya ba. Wannan sai an kira mai aikin, ya kuma saita ta yadda ba za ta zama ƙarin maigadi ba. Kafin nan, a kashe ɗora hotuna ta atomatik a wayoyin gidan, a kuma roƙi mutanen gida su jinkirta tura manyan abubuwa a lokutan aikinki.

Tsakanin rauta da ƙarfe, kada ki yarda da sandunan sabis da ke jikin rautar. A shafinta akwai lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sigina ne: -90 ko sama da haka, kamar -80, yana da kyau, -110 ya yi rauni. SINR tsaftarsa ce, kuma ita ta fi damuna. Sama da 13 madalla, ƙasa da 5 matsala. Akwai gidan da na tarar da rautar a cikin durowar talabijin, bayan dikoda, a falon da ke tsakiyar gida, ga rufin kwano ga bangon bulo ta ko'ina. Sanduna huɗu take nunawa, SINR kuwa kusan sifili. Muka ɗauke ta da doguwar wayar wuta muna bin tagogi ɗaya bayan ɗaya, maigidan yana karanto lambar daga wayarsa. A tagar kicin, sama da kan mutum, ta haura 10. Ƙusa biyu da ɗan katako suka gama aikin. Ki dai kiyaye kada rana ta riƙa dukanta, domin a zafin Maris zuwa Mayu rautar da ta ɗau zafi takan rage gudu ko ta kashe kanta. Idan ba tagar da ta ba da lamba mai kyau, rautoci irin B315 da B535 suna da wurin ɗaura eriyar waje a bayansu.

Na uku shi ne wanda ba ki da iko a kansa. Daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya kowa a unguwa yana kan ƙarfe ɗaya. Idan SINR ɗinki mai kyau ne, kin cire kowa daga Wi-Fi, muryar kuma ba ta daina kakkatsewa ba, ƙarfen ne ya cika. Babu saitin da zai gyara wannan, domin fifikon da kika ba murya a cikin gida ba ya bin ta zuwa hanyar kamfanin. Sauya tsarin murya zuwa Opus, in wayar da sabar suna da shi, yana ɗan sauƙaƙawa saboda ya fi jure ɓacewar gutsattsari. Wani tsarin muryar mai suna G.729 yana rage cin data, amma ba ya maido abin da ya ɓace.

Wuta, da batun sayen sabuwa

Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, rautar tana mutuwa ta ɗauki minti biyu ko uku kafin ta dawo, sau da yawa da sabon adireshi. Ƙaramin UPS mai fitar da 12V, irin wanda ake sayarwa don rauta, zai riƙe ta awanni, tunda abin da take ci bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ba. Ki tabbata wayar ma tana kan batir, ki kuma duba bayan cajarta don sanin ƙarfin wutar da take so kafin ki jona. A cikin duk abin da za ki saya, wannan ne nake cewa ki fara da shi. Ki kuma nemi kamfanin su saita cewa idan wayar tebur ba ta samuwa, kiran ya wuce wayar hannunki. Layin intanet kuma ba abin dogaro ba ne wajen kiran gaggawa na 112. Wannan na wayar hannu ne.

Game da 5G, MTN ya fara shi a Najeriya a 2022, Airtel a 2023. Inda yake da ƙarfi jinkirinsa ya fi na 4G ƙanƙanta, amma zangon 3.5 GHz da yake aiki a kai ba ya ratsa bango sosai, don haka sai an gwada a cikin ɗakinki, ba a shagon mai sayarwa ba. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna kusan kilomita 550 ne daga ƙasa, shi ya sa kira ke yiwuwa a kansa, saɓanin tsofaffin taurarin da ke nisan kilomita 35,786 masu jinkirin fiye da rabin daƙiƙa. Sai dai tsarinsa na gida shi ma CGNAT ne, yana son sarari ba itace ba gini, ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi, kuma wutar da yake ci ta ninka ta rautar 4G sau da yawa. Ga wanda ke ƙauye ko bayan gari inda sabis ba shi da kyau, ya cancanci kuɗinsa. Ga mai zama cikin Kaduna don kira ɗaya a lokaci guda, ban ga dalili ba tukuna.

Daga nan inda nake ba zan iya ganin saitin sabar kamfaninku ba, kuma akwai lokutan da gyaran yana can ne gaba ɗaya. Hanyar rarrabewa ita ce ki tambayi abokan aikinki da ke gida ko su ma suna fama da shiru ta ɓangare ɗaya; idan kowa ne, daga sabar ne. Idan kuma bayan gyaran saiti kira ya fara shigowa amma muryar dare ba ta gyaru ba, ki ari sim ko MiFi na wani kamfanin daban daga maƙwabta, ki yi aikin dare biyu da shi a daidai lokacin da abin ya fi tsanani. A unguwa ɗaya za ki tarar ƙarfen wannan kamfani ya cika maƙil, na wancan kuma da sauran wuri. Idan rautarki a kulle take da kamfani ɗaya, a lokacin ne maganar sayen wata ta taso, kuma ki nemi wadda ke karɓar kowane sim.